Adabin Tambaya ga Mai Ƙididdiga da Kwamfuta

A kowace shekara, idan lokacin rubuta kundin kammala karatu ya kawo jiki, kuma 'ya'yanmu na Aboabo da Asawase da Sawaba da Alabar da ke karatu a jami'ar Tek da sauran manyan makarantun garin nan na Kumasi suka gama zagayen kasuwanni da gidaje da takardun tambayoyinsu, suka zauna gaban kwamfuta domin su fitar da ma'ana daga abin da suka tara, akwai wani irin saƙo da yakan fara yawo a wayoyin 'yan tsirarun mutanen da aka sani da ilmin ƙididdiga a unguwa, lafazinsa kuwa kusan ɗaya ne ko daga wa ya fito: "Salamu alaikum Malam, abin nan ya ƙi aiki, don Allah a taimaka, gobe zan miƙa." A ƙarƙashinsa sai hoton fuskar kwamfuta da aka ɗauka da waya a karkace, hasken fitila ya cinye rabin rubutun, jan layin da ke ɗauke da bayanin kuskuren kuwa an yanke shi a tsakiya. Wanda bai sami malami a kusa ba yakan aika da irin wannan saƙo da Turanci ga masanan da ke amsa tambayoyi a intanet, mutanen da ba su san shi ba, ba su kuma san Kumasi ba, sa'an nan ya zauna jira. In an yi shiru ya ce girman kai ne, in an nemi ƙarin bayani ya ce wulaƙanci ne.

Na daɗe ina duban wannan al'amari, kuma abin da ya tabbata a raina shi ne yaran nan suna da hazaƙar da ta isa, domin wanda ya haddace izu sittin tun yana yaro, ko ya tashi yana juya Hausa da Tuwi da Turanci a baki ɗaya, koyon umarnin wata manhaja ba zai gagare shi ba. Abin da ya kuɓuce musu wani fanni ne wanda malamanmu na zaure suka ɗauke shi ilmi mai zaman kansa, watau adabin tambaya: sanin yadda mutum zai siffanta mas'alarsa har wanda yake nesa, wanda bai ga abin da ya auku ba, ya iya ganinta kamar tana gabansa. Mukan ce matambayi ba ya ɓata, gaskiya ne kuwa, amma da sharaɗin ya san inda yake tsaye, ya kuma iya faɗin inda ya nufa.

Kada mai karatu ya ce wannan magana ta ɗalibai ce kurum, ba ta kai ta shiga jarida ba, domin da wuya a sami jama'ar da alƙaluman hukuma suka taɓa rayuwarta a ƙasar nan kamar mutanen zango. Ƙidayar 1960 ta rubuta kimanin kashi 12 cikin ɗari na mazauna Ghana a matsayin baƙi, a watan Nuwamba na 1969 kuwa gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar, kuma dattawan da suka ga yadda ɗakuna suka zama wayam a zangunan Kumasi a lokacin ba sa bukatar a gaya musu nauyin layin da aka sa mutum a cikin littafin gwamnati. Da sakamakon ƙidayar 2000 ya fito yana cewa Musulmi ba su kai kashi 16 cikin ɗari ba, shugabannin Musulmi suka ƙi amincewa, suka ce adadin ya fi haka nesa. Ƙidayar 2010 ta ce 17.6, ta 2021 kuwa, wadda aka yi da ƙananan kwamfutocin hannu a karo na farko, ta ce 19.9 cikin mutum miliyan 30.8. Ko wa ke da gaskiya a wancan saɓani, mai ƙin amincewa da adadi, in ba shi da wanda zai buɗe bayanan ya bi hanyar lissafin mataki mataki har ya nuna inda aka karkace, ƙorafinsa ba zai wuce ƙorafi ba. Haka nan Asusun Raya Zango da majalisa ta zartar da dokarsa a 2017, duk unguwar da za ta nemi magudanar ruwa ko ajin makaranta daga gare shi, alƙaluma za a nema a hannunta. Don haka a ganina koyon wannan sana'a ya shiga sahun farali na kifaya, kuma yarinyar da ke fama da jan rubutu a kwamfutarta da tsakar dare tana ɗauke wa unguwa wani nauyi ne, ko da ita kanta ba ta sani ba.

Manhajojin da ake wannan aiki da su suna da yawa. SPSS tana nan tun 1968, Stata ta fito a 1985, ita kuwa R, wadda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka fara a Jami'ar Auckland ta ƙasar Niyu Zilan a farkon shekarun 1990, kyauta ce ga kowa, shi ya sa ɗan talaka ya fi karkata gare ta. Dukansu ɗabi'arsu ɗaya ce, zahirin lafazi suke bi, ba sa duban niyya, ba su san tawili ba; waƙafi ɗaya da aka manta, ko baka da aka buɗe ba a rufe ba, ko babban harafi da aka sa a gurbin ƙarami, ya isa ya tsai da aikin yini guda. Magabatanmu masu kwafin littattafai da hannu sun san wannan ciwo, sun kira shi tasahifi, inda ɗigo ɗaya ke sauya wuri ma'ana ta juye, shi ya sa ba su yarda da kwafi ba sai an zauna an yi muƙabala da asali, ɗaya yana karantawa ɗaya yana bi da yatsa.

Sai dai kuskuren da ke tsai da aiki ya fito da jan rubutu, wanda shi ne ke firgita ɗalibi, a haƙiƙa rahama ne, domin ya faɗi sunansa, sau da yawa ma ya faɗi layin da yake. Malaman manɗiƙi sun kasa jahilci kashi biyu, basiɗi da murakkabi: na farko mutum bai sani ba amma ya san bai sani ba, na biyu bai sani ba kuma yana zaton ya sani. Kuskuren da ya kamata a ji tsoro shi ne na biyun, wanda manhaja ke karɓar umarni ba musu, ta fito da jadawali tsaf, da alƙaluma har lamba huɗu bayan ɗigo, alhali abin da ta lissafa ɓatacce ne tun daga tushe.

Wata 'yar maƙwabtanmu ta kawo mini aikinta wata rana, bincike ne a kan jarin mata masu sai da koko da ƙosai da wake da shinkafa a bakin titi, ta zo ne ma da murna, abin da take so kawai in duba mata tsarin jadawalin. Na duba na ga matsakaicin jarin mace ɗaya ya haura sidi dubu ɗari. Na ce, "'Yata, mai kokon da ke ƙofar gidanku, in tana da wannan kuɗi, kina jin za ta tashi da asuba ta hura wuta?" Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Malam, ai kwamfutar ba ta nuna kuskure ba." Na ce ta jera mini alƙaluman jarin daga babba zuwa ƙarami. A can sama sai ga 2000000 da 1500000, 'yan layuka kaɗan, a ƙarƙashinsu kuwa duk ɗari biyu ne da ɗari da hamsin da ɗari uku. Nan take ta gane da kanta. Tun watan Yuli na 2007 da aka canja kuɗi, aka mai da tsohuwar sidi dubu goma sabuwar sidi ɗaya, iyayenmu mata da yawa ba su bar tsohon lissafi ba, in ka ce, "Mma, nawa ne jarinki?" ta ce miliyan biyu, sidi ɗari biyu take nufi. Wasu daga cikin waɗanda suka taya yarinyar tambaya sun juya kuɗin kafin su rubuta, wani kuwa ya rubuta abin da kunnensa ya ji. Mai karatu ya gwada da alƙalami: a ƙaddara mata ɗari, kowace jarinta ɗari biyu, aka rubuta biyar daga cikinsu da tsohon kuɗi, matsakaicin zai tashi daga 200 ya koma 100,190.

Abin lura a nan shi ne, da ta aika da umarninta ga mafi sanin R a duniya, zai duba ya ce mata babu aibi, kuma bai yi ƙarya ba, domin aibin yana cikin abin da ita kaɗai ke da hanyar saninsa. Shihabuddin Alƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a 1285, ya yi gargaɗi cewa in mai neman fatawa ya zo daga wata ƙasa, kada mufti ya ba shi amsa bisa al'adar garinsa shi muftin, sai ya tambaye shi al'adar garinsu, kuma cikin misalan da ya kawo har da na kuɗi, cewa in an ambaci farashi ba a bayyana irin kuɗin ba, ana ɗaukarsa ne a kan wanda mutanen wurin suka saba da shi. Mai amsa tambaya a intanet ba shi da lokacin wannan bincike, don haka nauyin ya koma kan mai tambaya, shi zai kai urfin garinsu cikin tambayarsa. Irin waɗannan abubuwa suna da yawa a bayananmu: lambar 99 ko 999 da aka sa a gurbin "bai amsa ba", manhaja ta ɗauke ta shekarun mutum, sunan unguwa ɗaya da aka rubuta ta hanya uku ya zama unguwa uku, haruffan Hausa masu ƙugiya da na Tuwi da ke rikiɗewa su zama wasu alamomi marasa ma'ana in an buɗe fayil da tsarin da ba nasa ba, sifirin farkon lambar waya da Excel ke haɗiyewa, kwanan wata da mu muke fara shi da rana, manhajar da aka saita a kan tsarin Amurka ta karanta shi da wata a gaba.

Kada kuma ɗalibinmu ya zaci wannan cuta ta masu koyo ce kaɗai. A 2010 wasu manyan masana tattalin arziki biyu na Amurka, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka buga maƙala mai cewa ƙasashen da bashinsu ya haura kashi 90 cikin ɗari na abin da suke samarwa, bunƙasarsu kan faɗi ƙasa da sifiri kaɗan, 'yan siyasa a Turai da Amurka suka riƙa kafa hujja da ita wajen tsuke bakin aljihu. Wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, aka ba shi aikin aji ya maimaita lissafin, ya yi ta yi bai sami amsarsu ba. Bayan ya bi nasa aikin ya tabbata ba daga gare shi ba ne, ya rubuta musu ya nemi fayil ɗin da suka yi aiki da shi, su kuma, abin yabo, suka ba shi. A ciki ya tarar ƙasashe biyar ba su shiga cikin matsakaicin ba saboda an ja zaɓin layuka bai kai ƙarshe ba, ga kuma wasu matsalolin na yadda aka auna bayanan. Da shi da malamansa biyu suka sake lissafin a 2013 suka sami bunƙasar kashi 2.2. A Oktoban 2020 kuma hukumar lafiya ta Ingila ta ɓatar da sakamakon mutum kusan 16,000 masu cutar korona na 'yan kwanaki, domin tsohon tsarin fayil ɗin da aka zuba su ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536, sauran kuwa suka zube ba tare da wata ƙara ba. Abin da ya fi jan hankalina a ƙissar Herndon shi ne tartibin da ya bi: ya fara tuhumar kansa, ya gama tahƙiƙi, sa'an nan ya nemi abu ɗaya takamaimai.

Wannan tartibi ba baƙo ba ne a wurinmu. A 1493 wani malami daga ƙasashen Takruru, Muhammadu Allamtuni, ya aika wa Imamu Suyuɗi wasiƙa zuwa Alƙahira yana neman hukuncin al'adun mutanen ƙasarsu, kuma da yake ya san wasiƙar za ta yi watanni a kan raƙumi, babu damar a ce masa "me kake nufi?" a sake aikowa, sai ya siffanta kowace al'ada dalla dalla, ta sarakuna da ta 'yan kasuwa da ta malamai da ta mata, har masana tarihi na yau suna karanta tambayar domin sanin halin ƙasar fiye da yadda suke karanta amsar. Haka Askiya Muhammadu na Songhai, da ya tambayi Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Muhammadu Rumfa, hukuncin Sunni Ali da dukiyar da ya bari, bai ce masa ga wani azzalumi me ka gani ba, sai da ya ba da labarin asalinsa da ibadarsa da ayyukansa. A ƙasarmu nan kuma Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Salaga har yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa ta, ya koma Kete Krachi inda ya rasu a 1934, tun yana saurayi ya wallafa littafi a kan ilmin wasiƙa, domin ya ga fatake da malamai a hanyar Gwanja suna bukatar sanin yadda ake rubuta wa na nesa abin da zai fahimta. Fuƙaha'u suna da ƙa'ida cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an sawwara shi, kuma mai tambaya a intanet yana halin da Allamtuni yake ne, sai dai saurin isar saƙo ya ruɗe shi, ya sa yana ganin kamar wanda yake rubuta wa yana zaune kusa da shi yana kallon kwamfutarsa.

To, yaya mas'ala take sawwaruwa a wannan fanni? Farkon abin shi ne a karanta saƙon kuskuren tun daga farkonsa har ƙarshensa, a hankali, ko da ƙamus ne, domin da yawa daga masu tambaya ba su karanta shi ba, jan launin kawai suka gani suka ɗauki waya; alhali sau da yawa cewa yake yi ban ga wani abu mai wannan suna ba, ko kuwa ka ba ni rubutu inda nake jiran lamba. Bayan haka sai a ƙanƙanta matsalar, kuma nan ne aikin yake. Mai goro in ya ji warin ɓaci a huhu ba ya ɗaukar huhun gaba ɗaya ya kai wa uban gidansa ya ce ga shi ya lalace; yakan kwance ganye, ya raba goron kashi kashi, ya ware mai lafiya, har ya isa ga 'yan ƙwayoyin da sankara ta kama. Haka mai umarni layi ɗari uku zai gudanar da rabin farko ya gani, in lafiya ya ƙara, in ba lafiya ya sake rabawa, ya rage bayanan daga layi dubu biyu zuwa goma, ya cire duk abin da cire shi bai kawar da kuskuren ba, har ya rage da layi biyar ko shida waɗanda kowa zai iya kwafa ya gudanar a tasa kwamfutar ya ga abin da shi ya gani. Waɗanda suka daɗe a sana'ar sun shaida cewa galibin matsaloli a wannan mataki suke warwarewa, tun ba a aika da tambayar ba, domin wanda ya tilasta wa kansa bayyana abu a fili yakan ga gurbin da ya tsallake.

In kuwa ta ƙi warwaruwa, sai a rubuta: ga abin da nake son samu, ga umarnin da na bayar, ga 'yan bayanan gwaji, ga abin da na zata zai fito, ga abin da ya fito da lafazinsa, a kwafe shi a rubuce ba a hoto ba, ga abin da na riga na gwada. A faɗi kuma sigar manhajar, domin wannan shi ne isnadin mas'alar. Misali, kafin siga ta 4.0 da ta fito a Afrilun 2020, R takan mai da duk rubutun da ta karanto daga fayil ya zama rukuni masu lamba a ɓoye, ta yadda in aka sami "ban sani ba" guda ɗaya a jerin shekaru, aka tilasta jerin ya koma lamba, sai ta ba da lambobin rukunin a maimakon shekarun. Daga wannan siga aka sauya ɗabi'ar. Amsar da wani ya rubuta a 2014 tana iya zama sahihiya a zamaninta, mansukhiya a yau, kuma ɗalibin da ya kwafe ta bai duba shekararta ba ya yi aiki da hukuncin da aka shafe.

Akwai wani sharaɗi da nake son in tsananta a kansa, shi ne amana. Na ga ɗalibai, cikin gaggawa, suna aika wa baƙo fayil ɗinsu ɗungurum, da sunayen mutane da lambobin wayarsu da unguwarsu da cutar da ke damunsu ko bashin da ke kansu. Matar da ta amsa maka tambaya a zaurenta ta yi ne domin ta san mahaifiyarka, ta kuma ji ka ce ba wanda zai gani. Yaɗa sirrinta ha'inci ne a shari'a tun kafin Dokar Kare Bayanai ta 2012 ta hana shi a ƙasar nan. Hanyar kuwa mai sauƙi ce, a ƙirƙiri layi goma na bogi masu siffar na gaskiya, a tabbata kuskuren yana fitowa da su, a aika da waɗannan.

Na san abin da ke hana da yawa yin duk wannan, kunya ce, da tsoron kada a ga Turancinsu ya karye, ko a gane ba su san abin da ake zaton sun sani ba, sai su dunƙule tambayar su gajarta ta, su cika ta da ban haƙuri. Ina tabbatar musu cewa masanin da ke Indiya ko Jamus, wanda shi ma sau da yawa Turancin aro yake yi, zai yafe nahawu marar kyau in misalin yana gudana, amma ba abin da zai iya yi da nahawu mai kyau in babu misali. Kunya tana da muhallinta, neman ilmi ba ya cikinsa. Su ma masu amsawa a cikinmu akwai nasu adabin, kuma ban ga muna cika shi ba: wani yakan karɓi kwamfutar yaro ya gyara cikin minti biyu ya miƙa masa ba tare da ya nuna masa abin da ya taɓa ba, wani yakan yi masa tsawa har ya rantse ba zai sake tambaya ba, wani kuma, wanda ya fi su haɗari, ba ya iya cewa ban sani ba, alhali an ruwaito Imamu Malik, da girmansa, yana faɗinta ga mutumin da ya yi doguwar tafiya domin ya tambaye shi.

Daga ƙarshen 2022 da ChatGPT da 'yan'uwanta suka bayyana, yaranmu sun sami mai amsa wanda ba ya gajiya, ba ya tsawa, ba ya dariyar Turancin kowa, kuma ba na cikin masu cewa a guje su, domin wajen fassara saƙon kuskure da gano baka da ba a rufe ba suna da amfani ƙwarai. Illarsu ita ce suna amsa gurguwar tambaya da cikakkiyar murya. In ka ce musu matsakaici ya ƙi fitowa saboda akwai guraben da ba kowa, za su ba ka umarnin da zai tsallake guraben, jan rubutu ya ɓace, lamba ta fito. Amma ko waɗanda ba su amsa ba su ne mafi talauci, ko matan da mazajensu ke tsaye a wurin lokacin tambaya, wannan ba wanda zai tambaya sai kai, kuma tsallake su yana iya juya sakamakon binciken baki ɗaya. Ɓacewar jan rubutu ba dalili ba ne na ingancin lissafi. Wanda ya kwafi umarnin da ba zai iya bayyana kowane layinsa ba muƙallidi ne, kuma taƙlidi a nan ya fi muni, domin sunansa ne a kan kundin, shi za a tsayar a gaban masu jarrabawa. Mafi ƙasƙanci daga wannan shi ne abin da kowa ya sani ana yi a kewayen manyan makarantu ko'ina, a biya wani ya "yi analisis", a karɓi jadawali a liƙa. Wanda ya yi haka ya sayi takarda, gobe kuma in aka ɗauke shi aiki a ofishin lafiya ko na ilmi, alƙaluman unguwarsu za su bi ta hannun mutumin da bai taɓa jera jeri ɗaya daga babba zuwa ƙarami ya duba ba.

Abin da nake roƙo ba ya bukatar kuɗin gwamnati. Muna da masallatai da makarantun Islamiyya da ajujuwansu ke zama a rufe bayan la'asar, muna da 'ya'yan zango da suka karanta ƙididdiga da likitanci da tattalin arziki a Tek, wasu suna aiki a Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, wasu a Accra, wasu a ƙasashen waje inda waya ke isa gare su, muna kuma da ƙungiyar ɗalibai Musulmi a kowace babbar makaranta. A kafa majalisi na mako mako, da Hausa, da sharaɗi guda: ba a karɓar kwamfutar kowa, mai matsala shi zai tashi ya siffanta ta a kan allo, da ƙaramin misalinsa, sauran su yi masa tambayoyi har ta fito fili, mata da maza kowa da lokacinsa in haka ya fi dacewa da wurin. Wanda aka warware masa kuma, a nan ne ko a intanet, wajibi ne ya koma ya rubuta abin da ya zama sababi da yadda aka gyara, domin wanda zai zo bayansa, kamar yadda malamanmu ke barin hashiya a gefen littafi. A tara waɗannan a littafi ɗaya da Hausa, mas'alar tsohuwar sidi da ta haruffa masu ƙugiya da ta sunayen unguwanni, tunda ba wani a Auckland da zai rubuta mana su. Hukumar Ƙididdiga ta Ghana tana sakin wani kaso na bayanan ƙidaya ga masu bincike, don haka majalisin zai iya fara darasinsa da na gundumar Asokore Mampong, a buɗe a ga gida nawa ke da famfo, yara mata nawa suka wuce firamare, kafin masu ƙidaya su sake ƙwanƙwasa mana ƙofa.